Yadda Na Maimaita Awon Tsaunukan da Micheli du Crest Ya Yi Daga Kurkukun Aarburg

A cikin darussan da aka wajabta mana lokacin da nake karatun safiyo da zanen taswira a ƙasar Suwizalan, akwai wanda ya shafi tarihin awo, kuma sharaɗin cinsa shi ne kowane ɗalibi ya zaɓi wani tsohon awo da aka yi kafin zuwan na'urorin zamani, ya maimaita shi da hannunsa, sannan ya rubuta rahoton abin da ya samu. Ni na zaɓi aikin Jacques-Barthélemy Micheli du Crest, ɗan babban gida daga birnin Janeba kuma injiniyan soja, wanda ya auna tsayin tsaunukan Alps a shekarar 1754 da dogon indararo cike da ruwa da kuma sandar awo, alhali yana zaman ɗaurin rai da rai a kagarar Aarburg. Dalilin zaɓina bai wuce na aljihu ba, domin a duk ayyukan da aka jera mana, kayan aikinsa ne kaɗai na ga kuɗin ɗalibi zai iya saya.

Malaminmu ya gindaya cewa ba wanda zai taɓa kayan aiki sai ya fara sanin mutumin da ya yi awon da halin da ya yi shi a ciki, saboda haka daga laburare na fara. An haifi Micheli a Janeba a shekarar 1690. Asalin danginsa mutanen Lucca ne ta ƙasar Italiya, waɗanda suka yi hijira a ƙarni na 16 saboda sun karɓi ɗariƙar Furotesta, suka zauna a Janeba har suka shiga sahun gidajen da ke riƙe da mulkin birnin, suka kuma mallaki gidan sarauta na Crest a ƙauyen Jussy, wanda daga gare shi ne sunansa na biyu ya fito. A wancan zamani Janeba jamhuriya ce mai cin gashin kanta, tana da ƙawance da Bern da Zurich, kuma ba ta shiga tarayyar Suwizalan ba sai a 1815. Kamar yadda 'ya'yan manyan gidaje da yawa suke yi, Micheli ya shiga aikin soja a rundunar Sarkin Faransa, ya kai muƙamin kyaftin, kuma a can ya goge a ilimin gina ganuwa irin wanda Vauban, babban injiniyan sojan Faransa, ya shahara da shi, ilimin da duk ya dogara a kan sanin nisan wuri da tsayinsa da kusurwar da igwa za ta iya harbowa daga gare shi. A 1721 ya zama ɗan Majalisar Mutum Ɗari Biyu ta birninsu.

Abin da ya rusa masa rayuwa ya fito ne daga cikin sana'arsa. Tun bayan harin dare da sojojin maƙwabciyar ƙasar Savoy suka kai wa Janeba a watan Disamba na 1602, birnin bai sake sakin jiki da maƙwabtansa ba, kuma a farkon ƙarni na 18 mahukunta suka amince da wani gagarumin shiri na kewaye shi da sababbin ganuwowi da ramuka, suka ɗora haraji domin biyan kuɗin aikin ba tare da sun nemi amincewar babban taron 'yan gari ba. Micheli ya duba shirin da idon injiniya, ya rubuta takarda a 1728 yana cewa aikin ya yi tsada fiye da kima, zai matse birnin ya hana shi faɗaɗa, kuma ya bar tuddan da ke kewaye a waje, inda abokin gaba zai iya girke igwa ya yi ta ruwan wuta. Da ya tsaya ga faɗar haka a zauren majalisa, mai yiwuwa da an ƙyale shi, amma sai ya buga takardar ya rarraba, kuma da wannan ya ɗebo ruwan dafa kansa. A 1730 aka kore shi daga majalisa, aka ƙwace masa haƙƙinsa na ɗan gari. Maimakon ya yi shiru, sai ya faɗaɗa rigimar daga ganuwa zuwa tsarin mulki, yana rubuta cewa ikon ƙoli na babban taron 'yan gari ne, ba na tsirarun gidajen da suka mamaye majalisu ba. Bayan tarzomar da batun haraji ya haddasa a 1734, an yanke masa hukuncin kisa a 1735 ba ya nan, aka zartar da hukuncin a kan surarsa.

Shekarun da ya yi yana gudun hijira bai ɓata su ba. A Faris ya ƙirƙiri ma'aunin zafi nasa na kansa, ya buga bayaninsa a 1741, inda ya ɗauki zafin ramin ƙarƙashin ƙasa na cibiyar binciken taurari ta Faris a matsayin mafari, saboda zafin wurin kusan ba ya canzawa rani da damina, ya kuma ɗauki tafasar ruwa a matsayin ɗaya iyakar. An daɗe ana amfani da wannan ma'auni a wasu biranen Suwizalan. Sai dai alƙalaminsa na siyasa bai huta ba, kuma a 1746 aka kama shi a Neuchâtel aka miƙa shi ga gwamnatin Bern. A 1749, lokacin da aka bankaɗo shirin Samuel Henzi na kifar da mulkin manyan gidajen Bern, aka fille kan Henzi, sunan Micheli ya fito a cikin binciken, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Aarburg.

Mataki na biyu shi ne duba zanen da ya fitar. An buga shi a 1755 a birnin Augsburg na Jamus, kuma masana tarihin taswira suna ɗaukarsa a matsayin zanen jerin tsaunukan Alps na farko da aka gina a kan awo. Na sami kwafinsa a sashen taswirori na laburare, na shimfiɗa shi a kan teburi, kuma gaskiya ba abin ƙayatarwa ba ne ga wanda ya saba da hotunan Alps na katin gaisuwa. Doguwar takarda ce siririya, a jikinta an ja layin ƙololuwa bayan ƙololuwa, kowace da alamarta, sannan ga sunaye da tsayin kowace a ma'aunin tuwaz na Faransa, wanda ya ɗan gaza mita biyu. Abin da na sani tun kafin in fara shi ne cewa tsayin da ya bayar ya kauce wa na gaskiya, kuma yawancin sunayen ba a kan tsaunukansu suka faɗa ba. Tambayar da na ɗora rahotona a kanta ita ce: daga ina kuskuren ya shigo, daga indararon ne, ko daga idonsa, ko daga wani wuri dabam?

Daga nan na je Aarburg, wadda ke kusa da Olten, domin in ga inda ya tsaya. Kagarar tana kan wani dogon dutse siriri da ya tsaya a kan kogin Aare, kuma gwamnatin Bern ce ta gina ta a tsakanin 1659 da 1673 domin tsare mashigar da ke haɗa sassan ƙasarta biyu. Tun 1893 wurin ya zama gidan gyaran tarbiyyar matasa, saboda haka ba a shiga sai tare da jagora a lokutan da aka keɓe. Na bi rukunin masu ziyara muka hau matakala, muka ratsa ɗakunan da aka fafe a cikin dutse, har muka fito saman ganuwa ta fuskar kudu. A nan na fahimci abu ɗaya da karatu bai nuna mini ba, wato ƙanƙantar Alps idan aka hango su daga wannan nisa. Ba su cika sama ba ko kaɗan; wani farin zare ne mai haƙora a ƙasan sararin samaniya, wanda babban yatsa zai rufe tsayinsa idan aka miƙe hannu. Mutumin da ya ƙware a gina irin wannan kagara, ga shi an kulle shi a cikinta, kuma abin da ya rage masa na aikin injiniya shi ne wannan farin zaren.

Ba zai yiwu in kafa indararo a cikin gidan da ake tsare da yara ba, don haka na nemi wani wuri a gefen tudu kusa da garin, mai kallon kudu ba tare da itatuwa sun tare ba, kuma wanda tsayinsa ya yi kusa da na kagarar. Taswirar hukumar safiyo ta ƙasa, swisstopo, wadda kowa ke iya dubawa kyauta a intanet, ta nuna mini wani gefen makiyaya mai tsayin kusan mita 450 daga matakin teku. Manomin da ke da wurin ya saurari bayanina har ƙarshe, ya ce babu laifi muddin zan rufe ƙofar shinge a duk lokacin da na shiga ko na fita, kuma ba zan bar ko ƙusa ɗaya a cikin ciyawa ba saboda shanu.

Indararon Micheli ya kai kusan mita takwas, don haka na sayi gutsattsarin indararon roba daga shagon kayan gini, na haɗa su, na toshe bakin biyu, na ɗora a kan ƙafafun katako. Da na fara zuba ruwa sai tsakiyar ta lotsa saboda nauyi, na ƙara mata matokari domin kada mahaɗin ya buɗe, amma lotsawar ba ta shafi awon ba, kuma a nan hikimar dabarar take. Ko indararon ya karkace ko ya lanƙwashe, fuskar ruwan da ke kwance a cikinsa a miƙe take, kuma bakin nan da bakin can suna kan mataki ɗaya. Da na kwatanta wa kawuna aikin ta waya, shi da ya shekara da shekaru yana gini, dariya ya yi ya ce, "Ɗana, ai wannan shi ne tiyon da muke cika wa ruwa mu fitar da lebur ɗin harsashi. Har sai da ka je ƙasar Turawa za a koya maka?" Na ce, "Haka ne, Kawu, sai dai su tsauni suke aunawa da shi." Ya ce in tabbata dai babu iska a lokacin da zan karanta, domin ruwa ba ya faɗin gaskiya idan yana rawa.

A bakin da zan sa ido na kafa ɗan faranti na ƙarfe mai ƙaramin rami kamar na allura, na auna tsayin ramin daga fuskar ruwa. A ɗaya bakin na tsayar da rula a miƙe, na daidaita ta da zare mai nauyi a ƙasa, na sa sifirinta daidai wannan tsayin daga fuskar ruwa, ta yadda layin da ya tashi daga ramin zuwa sifiri ya zama shimfiɗaɗɗen layi. A jikin rular na maƙala wani baƙin kati da ake iya turawa sama ko ƙasa. Ni ina leƙawa ta ramin, wani abokin karatuna yana tura katin a hankali, har sai gefensa ya taɓa kan ƙololuwar da nake kallo, in ce ya tsaya, ya karanta lambar. Idan aka raba wannan lamba da tazarar da ke tsakanin ramin da rular, an sami gangaren layin gani, kuma daga shi ne sauran lissafi ke tashi. Sai da na leƙa na gane dalilin da ya sa ya zaɓi indararo mai wannan tsawo duk da wahalar sarrafa shi. Idan rular tana kusa, ido ba ya iya riƙe ta da tsaunin a lokaci ɗaya, ɗaya zai fito sarai ɗaya ya dushe, amma a tazarar mita takwas duka biyun suna fitowa tare. Ban da haka, milimita ɗaya a jikin rular tana daidai da kusan mita 11 ne kawai a kan tsaunin da ke nisan kilomita 87, alhali da indararon mita ɗaya ne, da kowace milimita ta zama mita 87.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne jira. Yankin Olten ya yi suna wajen hazo a kaka da hunturu, kuma sau da yawa na isa makiyayar na tarar ko tudun da ke gabana ba a gani. Ranakun da suka fi dacewa su ne waɗanda iskar nan mai ɗumi da ake kira fon take gangarowa daga kudu ta share sararin sama, har tsaunukan su yi kamar sun matso, sai dai kuma a irin waɗannan ranaku ruwan indararon yakan yi ta kaɗawa, dole in rufe shi da allunan katako in bar bakin biyu kawai a buɗe. Da sanyin safiya kuma wani lokaci nakan tarar da siririyar ƙanƙara ta kama saman ruwan, sai an fasa an kwashe an jira ya natsu. Akwai kuma matsalar gefen ruwa, wanda yakan ɗan hau jikin duk abin da aka tsoma masa, ta yadda karanta tsayinsa da rula kai tsaye yakan ba da bambancin milimita ɗaya ko biyu. Na magance wannan da allura da nake saukarwa daga sama a hankali har sai tsininta ya haɗu da hotonta a cikin ruwan, wanda shi ne lokacin da ta taɓa fuskarsa daidai. Kowace ƙololuwa kuma tana buƙatar a juya bakin indararon ya fuskance ta, a jira ruwan ya kwanta, a sake duba sifiri. Ni ina da ɗakin da zan koma in sha shayi idan yatsuna sun ƙage. Shi kuwa yana da shekara sittin da 'yan kai lokacin da ya yi wannan aiki, a kan dutsen da iska ke bugawa ta kowace fuska.

Zan kawo lissafin tsauni ɗaya, Jungfrau, domin shi ne ya fi fita sarai daga inda na tsaya. Matsakaicin abin da muka karanta a jikin rular ya kama santimita 29.6, wato duk girman wannan tsauni bai kai tsawon rular ɗan makaranta ba. Idan aka raba da mita takwas aka ninka da nisan kilomita 87 da taswirar zamani ta bayar, ana samun kusan mita 3,219 a saman shimfiɗaɗɗen layin. Amma doron ƙasa a lanƙwashe yake, yana zamewa ƙasa daga wannan layi gwargwadon nisa, kuma a kilomita 87 zamewar ta kai kusan mita 594, waɗanda dole a ƙara. Sannan haske ba ya tafiya a miƙe a cikin iska, yakan ɗan lanƙwaso ya bi doron ƙasa saboda iskar ƙasa ta fi ta sama kauri, abin da ke sa tsauni mai nisa ya bayyana sama da inda yake. Masu safiyo sukan cire kusan kashi 13 cikin ɗari na zamewar domin wannan, wato mita 77 a nan. Da na haɗa duka da mita 450 na wurin da nake tsaye, na sami mita 4,186. Tsayin Jungfrau a taswirar hukuma mita 4,158 ne. Indararon roba da rula da idon mutum sun kawo ni ƙasa da mita talatin daga gaskiya, a kan abin da ke nisan tafiyar kwanaki a ƙafa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to idan aka ba shi ruwa mai kwanciya da tazara isasshiya, har mudun ma yakan zama.

Wannan ya wanke kayan aikin, saura in nemo inda ɓarnar take. Sai na sake lissafin da irin bayanan da Micheli yake da su a hannu. Ya yi la'akari da lanƙwasar ƙasa, amma bai cire komai domin lanƙwasar haske ba, kuma wannan kaɗai ya ɗaga sakamakona zuwa mita 4,263. Tsayin wurin da yake tsaye ya samo shi ne ta ma'aunin nauyin iska, wanda ke da nasa rauni, amma ba shi ne babbar matsalar ba. Babbar matsalar ita ce nisa. Kusurwa ana iya auna ta daga wuri ɗaya, amma nisa ba ya aunuwa sai an taka, ko kuma an hangi abu ɗaya daga wurare biyu da aka san tazarar da ke tsakaninsu, kuma fursuna wuri ɗaya gare shi. Dole ta sa ya ɗauko nisan tsaunukan daga taswirar Suwizalan ta masani Johann Jakob Scheuchzer, mai ɗauke da shekarar 1712, wadda ita ce aka fi dogara da ita a lokacin amma ba a gina ta a kan awon kusurwoyi ba, kuma a yankin tsaunuka ta fi kama da ƙiyasi. Na gwada ƙara kilomita goma kacal a kan nisan Jungfrau, na bar karatun rular yadda yake, sai tsayin ya tashi zuwa kusan mita 4,780. Kuskuren kilomita goma a taswira ya haifi kuskuren mita ɗari biyar a tsayi, domin nisan yana shiga lissafin sau biyu, sau ɗaya ta gangaren layin gani, sau ɗaya kuma ta lanƙwasar ƙasa, wadda ke ƙaruwa ninki huɗu idan nisa ya ninka biyu.

Mataki na ƙarshe a fili shi ne na sunaye, kuma shi ne ya fi ba ni tausayin mutumin. Na ajiye wayata a cikin jaka, domin akwai manhajar da ake ɗagawa sama ta rubuta sunan kowace ƙololuwa a kanta, na zauna da kwafin tsohuwar taswirar kawai, na yi ƙoƙarin sa wa abin da nake gani suna. Daga wannan nisa babu gaba babu baya. Tsaunin da ke kilomita hamsin da wanda ke kilomita tamanin duk sun jeru a layi ɗaya kamar an manna su a bango, wani ya rufe rabin wani, kuma ƙaramin da ke kusa yakan fi babban da ke nesa tsayi a ido. Idan aka ba wa ƙololuwa sunan da ba nata ba, an ba ta nisan da ba nata ba ke nan, kuma tsayin da zai fito ba na kowa ba ne. A zamanin Micheli ba a taɓa hawa yawancin manyan ƙololuwan ba. Mont Blanc sai a 1786 aka hau shi, Jungfrau kuma sai a 1811. Mutanen kwari biyu da ke gefen tsauni ɗaya sukan kira shi da suna biyu, wasu tsaunukan kuma ba su da suna sam, domin makiyayi ba ya raɗa wa wurin da ba ya kai shanunsa suna. Micheli ya rubuta wa Albrecht von Haller, babban masanin Bern, wasiƙu yana neman taimako a kan wannan, amma wasiƙa ba ta maye gurbin mutum ya je gindin tsauni ya tambayi masu wurin.

Hukuncin da na rubuta a rahotona shi ne cewa hannun Micheli da idonsa ba su gaza ba, kuma kuskure ɗaya ne kawai za a iya ɗora masa kai tsaye, wato watsi da lanƙwasar haske, wanda ya yi daidai da halinsa na mutumin da ba ya sauka daga ra'ayi idan ya hau. Sauran kuskuren na kurkuku ne. Ina kuma ganin ba daidai ba ne a mayar da shi waliyyi, kamar yadda wasu masu sha'awarsa suke yi. Mutum ne mai taurin kai, wanda bai iya bambanta lokacin magana da lokacin shiru ba, kuma ya jawo wa kansa da danginsa wahala mai yawa. Sai dai taurin kan da ya sa ya buga takardar 1728 shi ne ya sa ya roƙi indararo a kurkuku, kuma ban ga yadda za a karɓi ɗaya a ƙi ɗaya ba. Malaminmu bai yi jayayya da wannan ba. Abin da ya ja mini layi a kansa shi ne kashi 13 ɗin da na cire, ya rubuta a gefe cewa wannan adadi matsakaici ne kawai, yana canzawa daga safiya zuwa rana da kuma daga yanayi zuwa yanayi, musamman a ranakun iskar fon da na fi yin awo, saboda haka wani ɓangare na mita 28 da suka rage tsakanina da taswira yana iya kasancewa daga iska ne, ba daga rula ba.

Shi kansa Micheli ya san inda raunin aikinsa yake, kuma shaidar haka ita ce a shekarar da ya yi awon, 1754, ya gabatar da shawarar a auna ƙasar Suwizalan baki ɗaya: a fara da auna dogon layi guda a fili da matuƙar kulawa, a gina sarƙar kusurwoyi uku-uku daga gare shi har ta game ƙasar, sannan a cika tsakani da awon daki-daki. Babu hukumar da ta karɓi shawarar daga bakin fursunan siyasa. An sake shi ne bayan tsufa da ciwo sun ci ƙarfinsa, ya rasu a Zofingen, garin da ke maƙwabtaka da Aarburg, a watan Maris na 1766. Ganuwar Janeba da ya yi suka an fara rushe ta bayan 1849 a zamanin gwamnatin James Fazy, domin birnin ya sami wurin faɗaɗa. Awon ƙasa kuwa sai da wani injiniyan soja na Janeba, Guillaume-Henri Dufour, ya karɓi ragamarsa a farkon shekarun 1830, aka sake auna layin tushe mai tsawon kusan kilomita 13 tsakanin Walperswil da Sugiez a 1834, aka kuma buga taswirar ƙasar a falle 25 tsakanin 1845 da 1865.